Lambun Bakin Gagare, Inda Babana Ya Sake Koyon Tafiya

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, babana ya taka ƙofar gida karo na farko tun da ciwo ya kayar da shi. An idar da sallar la'asar, zafin bazara ya fara sauka, awakinmu na ta kuka a turke don ban kai musu dusa ba. Ya riƙe sandar gora da hannun dama. Hannunsa na hagu kuwa, wanda ya shanye, Inna ce ta ɗaga shi da kanta ta aza mini a kafaɗa, ta ce in tallabe shi yadda nake tallabar tulu in ya cika. Ba mu bi titi ba. Muka sulale ta lungun bayan gida, muka ratsa masussuka, muka gangara ta hanyar da masu wanki ke bi zuwa gulbi. Ƙafarsa ta hagu tana jan ƙasa, tana barin dogon layi a rairayi, ni kuma ina jin numfashinsa a saman kaina kamar na wanda ya ɗauko dami daga gona. Haka muka tafi har muka iso lambun bakin gulbi, gaban wata 'yar ƙofa da aka yi da fallen tsohuwar ganga aka ɗaure da waya. A nan ya ja ya tsaya, ya juya kamar zai koma, domin ya ji motsin mutum a ciki.

Baba Nomau ne, mai kula da lambun, yana jan jigo yana kwarara ruwa cikin fangalan albasa. Ɗan gwaggon babana ne, wato taubashinsa, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun yi wa juna tsiya ba. Duk wanda ya zo duba babana a watannin nan da sassanyar murya yake magana, wasu har da share hawaye. Baba Nomau ko sakin igiyar bai yi ba. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ashe amaryarmu ta hito. Mu da munka zaci sai an sayi bakinta." Na ɗauka babana zai yi fushi mu koma gida. Sai na ji kafaɗata tana girgiza. Ashe dariya yake yi, da karkataccen bakin nan da ya daɗe yana ɓoyewa a bayan hannun riga. Ya jima yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito: "Bawana, kawo ruwa." Baba Nomau ya ce ruwa na nan a randa gindin tsamiya, mai jin ƙishi ya taka ya sha. Haka muka shiga, sannu a hankali, har muka kai bencin farko.

Babana malamin makaranta ne. Shi ke koyar da 'yan aji shida lissafi da labarin ƙasa a firamaren garinmu, wani ƙaramin gari a bakin gulbin Gagare, kan hanyar Kaura zuwa Shinkafi. Yana tsaye gaban allo da alli a hannu ciwon ya same shi, cikin kaka, ana tsakar yankan gero. Yaran ajinsa ne suka fita a guje suna kiran hedimasta. An kai shi asibiti a Kaura a bayan a-kori-kura, ya dawo da ɓarin jiki ɗaya a mace, baki a karkace, magana kuma sai da ƙyar. Likita ya gaya wa Inna cewa magani kaɗai ba zai tashe shi ba, dole ya riƙa tafiya kullum, ya riƙa magana ko da ba ta fita daidai. Amma babana mutum ne da ya saba ana miƙewa tsaye in ya shigo wuri. Rabin samarin garin ta hannunsa suka bi. Ya ce ba zai ja ƙafa a titi ɗalibansa suna kallo ba. Ya shige ɗaki ya sa aka saki labule, ko masallacin ƙofar gida ya daina fita, azumi ya zo ya wuce yana kwance yana kallon azara. Inna ce ta yi dabarar lambun, domin ana iya zuwa ta bayan gari ba a haɗu da kowa ba. Ni ce babba, ƙannena maza biyu ba su isa ɗaukar komai ba, sai aikin ya faɗo kaina. Babana "Uwata" yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Inna kuwa ta ce to ga ranar sunan ta zo.

Lambun ba wani babba ba ne, yaro zai zagaye shi a guje bai yi haki ba. An kewaye shi da shingen bini-da-zugu da lalle, gefen gulbi ne kawai aka bari a buɗe, inda matakalar dutse ke sauka zuwa rairayi. Da ka sa ƙafa ciki za ka ji iska ta sauya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da furen lemun tsami ya tare ka. A tsakiya tsamiya take, ƙatuwa, saiwoyinta sun fito waje sun zama kujerun tsofaffi masu dara. Daga dama layin mangwaro ne ya miƙe har bakin gaɓa, daga hagu darbejiya da gwaiba, can ƙasa kusa da ruwa kuma fangalan Baba Nomau na albasa da alayyafo da yakuwa da tattasai. Akwai 'yan bencina na siminti a warwatse, ɗaya ya tsage ƙadangaru sun mai da shi gida, akwai kuma ɗan fili da aka jera wa duwatsu ana sallah a ciki. Matan Fulani masu nono sukan sauke ƙorai a nan su huta kafin su haye gulbi. 'Yan sakandare sukan kwanta rub da ciki suna karatun jarrabawa, 'yan mata su zo tsinkar lalle in biki ya gabato, masu wanki su shanya zannuwa a kan shinge. Doka biyu ce kawai a wurin: ba a shigo da akuya, ba a jifan mangwaro. "Wanda yaf faɗo naka na, wanda ka bisa ka bar shi shi nuna," haka Baba Nomau ke ce wa duk yaron da ya gani da dutse a hannu.

Daga ranar nan rayuwata ta koma bin la'asar. In na dawo makaranta sai in yi sauri in share tsakar gida, in taya Inna surfe, in kai niƙa, in cika randuna, in zuba wa awaki harawa, don kada lokaci ya same ni da sauran aiki. Ba kullum nake son tafiyar ba. Wata rana ina jiyo ƙawayena suna gaɗa a dandali, ni kuwa ina tafiyar hawainiya a ƙarƙashin hannun da bai san yana da nauyi ba. Amma da mun isa babana ya zauna, sai ya sallame ni. In tarar da ƙawata Asabe a gindin gwaiba mu yi carafke da duwatsun gulbi masu santsi, ko mu sauka rairayi mu tona 'yan rijiyoyi da hannu, mu tsuguna muna kallon ruwa yana tsattsafowa a hankali har ya kwanta garau, mu sha da ganyen mangwaro. In iska ta kaɗa muka ji tim a ƙasa, sai kowa ya zura a guje, wanda ya riga taɓa mangwaron shi ke da shi, sauran su bi shi suna roƙon ko da ƙwallon ne.

Baba Nomau bai taɓa kama babana ba. In ƙarfi ya ƙare masa tsakanin benci da benci, ya tsaya jikinsa na rawa, ni kuma in dubi Baba Nomau da idon roƙo, sai ya kau da kai ya ci gaba da ban ruwa, yana faɗa da ƙarfi cewa shi bai ga abin tausayi ga mutumin da ya ƙarar da tsumagiyar garin a kan 'ya'yan mutane ba. Amma na lura kullum kafin mu zo an share hanyar, an tsince ƙaya da tsakuwa, an yayyafa ruwa ƙasa ta kwanta. Yakan kuma ajiye masa curin yumɓu a kan benci, ya ce ba a zaman banza a wurinsa, ya murza masa da wannan malalacin hannun, tukwanen dashe yake so. Da farko yatsun ko motsi ba su yi, sai babana ya ɗora hannun dama a kan na hagu ya danna. Kafin mangwaro ya ƙare a bishiya, babban yatsan ya fara lotsa yumɓun da kansa. Ran da na ga haka na ruga gida na gaya wa Inna, ta ajiye muciya ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Maganar kuwa da tarihin lambun ya sake koyon ta. Hira tana ba shi wuya, amma bakinsa ya saba da darasi, sai ya mai da ni ajinsa. Yakan nuna abu da sanda ya fara, kalma ɗaya bayan ɗaya, in wata ta maƙale ya buga sandar a ƙasa ya sake ɗaukowa daga farko. Ya ce tsamiyar ta girmi kakansa. A gindinta fatake masu jakuna ke yada zango in sun tarar gulbi ya kawo, su jira ruwa ya janye su haye zuwa kasuwar Shinkafi. Zamanin En'e sai malaman daji suka kewaye wurin suka mai da shi gidan renon dashe, kuma duk darbejiyar da ke bakin kasuwarmu da tashar mota daga nan aka ɗauke ta tana 'yar ƙarama. Mangwaron kuwa shi da sa'o'insa ne suka dasa suna 'yan elementare, kowane yaro da nasa, da gwangwanin ban ruwansa. Ya nuna mini nasa can ƙarshen layi kusa da gaɓa, ya bi sauran ɗaya-ɗaya yana faɗin masu su: wannan yana aiki a Sakkwato, wannan ya rasu tun da ƙuruciya, wannan shi ne mai shayin tasha. Bencinan daga baya aka gina su, lokacin da aka ɗauki Baba Nomau aiki. Da renon dashen ya mutu aka manta da wurin, shi dai bai tafi ba, ya zauna yana ci daga fangalansa, mutanen gari kuma suka ci gaba da shigowa kamar yadda suka saba.

Damina ta faɗi. Tsofaffin ɗaliban babana suka yi gayya suka nome mana gonar gero, shi kuwa ko fita ya yi musu godiya bai iya ba, ni ya aika da ƙwaryar fura. A lokacin yana iya zagaye lambun da sanda, hannunsa a kafaɗata don sabo kawai, amma a gaban mutane har yanzu bakinsa a rufe yake. In wani ya shigo ya gaishe shi, sai ya ɗaga hannu ya kau da fuska. Ana cikin haka hedimasta ya zo gida ya shaida masa, cikin ladabi da kame-kame, cewa in ba zai iya komawa aji ba bayan hutu, za a sallame shi a kawo wani. Babana ya ce a kawo wanin. Ya ce yara ba za su gane lissafi daga bakin da mai shi ma ba ya gane abin da yake faɗa ba. Na ji Inna tana gaya wa ƙanwarta a madafa cewa abin da za mu ci ba shi ya fi damun ta ba. Tsoronta shi ne in aka raba shi da allo, ɗakin nan zai koma, kuma wannan karon ba mai fito da shi.

Da marka ta kankama aka yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, gulbi ya kawo irin kawowar da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Wata safiya da hantsi, ruwan ya ɗan tsagaita, labari ya iso cewa gaɓa ta zube ta wajen lambu. Babana bai jira la'asar ba. Ya ce in miƙo masa sanda, kuma a karo na farko muka bi titi, don lungun ya zama caɓi. Muka tarar da wurin cike da jama'a. Gagare ya koma ja, yana juyi da karare da rassan itace. Fangalan sun tafi gaba ɗaya, da jigon, da matakalar, da mangwaron ƙarshen layi har da na babana. Gaɓar tana ɓantarewa tana faɗawa ruwa, ta doshi tsamiya. Baba Nomau yana zaune a ƙasa cikin laka, hularsa a gwiwa. Ban taɓa ganin sa shiru ba sai ran nan. Da aka matsa masa da sannu, ya ce shi kam ya gama, zai tattara ya koma wurin ɗansa a Zurmi, gulbi ya ƙarasa abin da ya rage.

Mutane suka yi ta jajantawa, wasu na cewa haka Allah ya so, har an fara watsewa. Sai na ji hannun babana ya bar kafaɗata. Ya taka shi kaɗai zuwa bencin gindin tsamiya, ya buga sandarsa a kan simintin yadda yake buga tebur in aji ya cika surutu. Kowa ya waiwayo. Kalmomin suka fito a karkace, amma suka fito: "Duk wanda na koya ma lissafi, shi tsaya." Wani ƙaramin yaro ya kwaikwayi muryar ya fashe da dariya, yayansa ya kai masa ranƙwashi. Babana ya ce a ƙyale shi, shi ma kansa muryar dariya take ba shi. Sannan ya shiga raba aiki kamar yadda yake raba aikin gonar makaranta. Waɗannan su samo tsofaffin buhuna a cika da ƙasa, waɗannan su saro turaku, yara su tono jema da gamba a fadama, domin saiwarsu na riƙe gaɓa. Ya daɗe yana magana, gumi na zuba a goshinsa, ba wanda ya katse shi, ba wanda ya tafi. Da ya gama ya juya wurin taubashinsa ya ce, "Wa ya ba ka izinin tahiya Zurmi? Ban 'yanta ka ba tukuna." Baba Nomau ya share fuska da hula, ya ce da ya san abin da bakin nan zai riƙa faɗa in ya buɗe, da bai wahalar da kansa ba. Ya miƙe ya tafi neman gatari.

Mun yi makonni muna wannan aiki. Ina cikin masu ɗauko jema a ka daga fadama, ƙaiƙayi ya cinye mana wuya, amma muna tafe muna waƙa. Gaɓar ta tsaya dab da saiwoyin tsamiya, ba ta ƙara matsowa ba. Karkatattun tukwanen da babana ya murza suna nan a bukkar Baba Nomau, ruwa bai kai gare su ba, a cikinsu aka reni sababbin mangwaro aka dasa a madadin waɗanda suka tafi. Da aka dawo hutu babana ya sa farar rigarsa ya nufi makaranta ta tsakiyar gari, ni ina biye da shi a baya da jakar littattafai. Maganarsa ba ta koma daidai ba har ya bar duniya, ƙafar ma haka, amma ya ƙara shekaru masu yawa yana koyarwa. Baba Nomau bai je Zurmi ba. Ya sake kafa jigo ya tayar da fangalansa, kuma shi ya riga rasuwa. Bayan nan babana yakan je lambun ya zauna, sai dai ba ya daɗewa. Yakan dawo ya ce wurin ya yi shiru, ba mai zagin sa.

Yanzu aure da aiki sun kai ni Gusau, 'yata ta fari ta wuce shekarun da nake da su a lokacin. Bara na je gida. Hanyar da a da muke bi a motar kasuwa muna gyangyaɗi, yanzu da addu'a ake bin ta, direba yana tsayar da masu tahowa yana tambayar ko gaba lafiya. Ƙanena ya ce in zan je lambu in je da safe in taso da azahar, don an daina zaman bakin gulbi da yamma, daga ƙetare 'yan bindiga ke ɓullowa. Na tarar shingen ya mutu, masu tifa sun kwashe rairayin da muke tona rijiyoyi, babu fangali ko ɗaya, babu mai ban ruwa. Itatuwan ne kawai suka ƙara girma, rassansu sun haɗe a sama. A ƙarƙashinsu mata ne da yara da ban san ko ɗaya ba, mutanen ƙauyukan ƙetaren gulbi da suka gudo, suna kwana a azuzuwan firamare, da rana su zo nan su hura wuta su yi wanki.

Wata tsohuwa da ke tsinkar zogale a faifai ta ɗauke ni baƙuwa, ta janye ƙunshin kayanta daga kan benci ta ce in zauna in huta. Ta ba ni labarin geron da suka baro a gona ya kusa nuna, da akuyar da ba ta samu kwancewa ba. Can ta ɗaga kai ta dubi rassan da ke samanmu ta ce, "Ɗiyata, ba mu san wanda yad dasa iccen ga ba, amma kullum muna yi mai addu'a." Na gaya mata sunan babana da na Baba Nomau, ta maimaita har ta riƙe. Na jawo faifan na taya ta tsinka, jikokinta suna wasan ɓuya a bayan tsamiya. Da aka kira azahar sai kowa ya fara tattara tukwane yana kiran yaransa, ni ma na tashi tare da su. A da, sai rana ta yi sanyi lambun ke cika, a zauna har magariba ba mai waiwayen ƙetare. Inuwar tana nan yadda na san ta, mu ne muka koyi barin ta da wuri.